Wasan Kwamfuta da Samarin Batsari da Safana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina na kullum in yi magana a kan wani al'amari da ya ke damun iyaye a ƙasashen Batsari da Safana, watau wasan kwamfuta. Duk wanda ya zauna majalisar dattawa a garuruwan nan biyu ya ji kukan da a ke yi. Yaro ya sami 'yan kuɗinsa, maimakon ya sayi littafi sai ya kai wa mai gidan gem, ya zauna gaban akwatin talabijin yana buga ƙwallon da ba ta tā da ƙura. Wanda ya ke da wayar hannu kuwa ya sunkuyar da kai tun la'asar har batir ya mutu. Dattawa sun ce a hana. Ni a ganina hani ba zai yi ba, gama abin ya riga ya shigo, ƙofarsa kuwa tana cikin aljihun kowa. Shawarar da zan kawo ita ce a fid da samarin nan daga zaman 'yan haya su zama masu gida. Watau maimakon su yi ta biyan kuɗi suna wasan da wani ya ƙera ya kulle, a koya musu irin wanda a ke buɗewa a gyara, a sa masa harshenmu da labarinmu.

Da fari bari in ba ku wani labari wanda na san da yawa cikin masu karatu ba su ji shi ba. Ashe mu Hausawa mun daɗe a cikin wasannin nan, ana wasa da mu a ƙasashen duniya, mu ba mu da labari. A shekarar 2013 wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Paradox ya fitar da wasan mulki da a ke kira Europa Universalis IV. Taswirar duniya ce tun daga shekarar 1444, mai wasa ya zaɓi ƙasar da zai riƙe, ya tara haraji, ya yi ciniki, ya ƙulla amana ko ya ɗaura yaƙi. Cikin ƙasashen da a ke zaɓa kuwa har da Katsina da Kano da Zazzau. A 2020 kamfanin nan ya sake fitar da wani, Crusader Kings III, inda mutum zai iya farawa da sarauniya Daurama ta Daura a shekarar 867 bisa ga lissafinsu. A watan Agusta na 2021 masu wasan Age of Empires III suka ƙara al'ummar Hausawa sukutum, da birnin Kano, da barade masu lifidi, da Sarauniya Amina a kan gaba. A Fabrairun 2025 kuma Amina ta sake fitowa cikin shugabannin wasan Civilization VII. Ku duba fa, yau akwai yaro a Jamus ko Koriya wanda ya fara sanin sunan Katsina ta hanyar wasa, tun bai taɓa ganinsa a littafi ba.

To, wanda ya tuna da kai ya cancanci godiya, mun kuwa gode. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga misali ƙarami. A wasan nan na 2021, gwarzon sojan Hausawa mai riƙe da bindiga an sa masa suna Maigadi. Kowane Bahaushe ya san maigadi shi ne mai kwana ƙofar kanti da tocila da sanda, kalmar gadi ma daga bakin Turawan Ingila muka are ta, bayan Amina ta daɗe da ƙaura. Da an tambayi kowane dattijo a Ruma ko Runka, da ya ce musu dogari, ko ɗan bindiga. Haka nan mai kiɗa da kirari sun kira shi da wata kalma ta Faransanci, alhali muna da maroƙi da makaɗi da sanƙira. Ba na ganin laifinsu, gama an ce baƙo makahon gari ne. Kada kuwa mu sa rai mutumin Suwidin ko na Amurka zai san Ɗanwaire jarumin Ruma, ko yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi na ƙarni na 19, waɗanda ƙasar Ruma da dajin Rugu suka zama filinsu. Abin tambaya shi ne, in mun ga kuskure ko giɓi, muna da hanyar gyarawa? Lalle akwai.

Hanyar ita ce abin da masu wasa ke ce wa mod, watau kwaskwarimar da 'yan wasa da kansu su ke yi wa wasa bayan kamfani ya sayar musu. Kamar mutum ne ya sayi riga a kasuwa, ya kai wa maɗinki ya rage hannu, ya ƙara aljihu, ya sa mata aiki a wuya. Wasannin Paradox da na ambata, yawancin dokokinsu da sunayen garuruwa da na sarakuna a rubuce su ke, rubutu zalla wanda kowa zai iya buɗewa ya karanta. Duk wanda ya ke da natsuwar akawu, ya san sa waƙafi da aya inda ya kamata, zai iya canja suna, ya ƙara gari, ya gyara jerin sarakuna. Wannan ɗabi'a kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Ku dubi dara. Gurbi 30 a ƙasa, layi 5 kowanne da 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Ba wanda ya san maƙerinta, ba mai karɓar la'ada a kanta, in kuwa ka bar garinku ka je wani sai ka tarar sun ɗan sauya wata ƙa'ida, ka bi tasu. Haka langa, haka carafke. Sun rayu tun kaka da kakanni sabo da kowa yana da ikon taɓa su.

Kada wani ya ce kwaskwarima aikin banza ne. A 1993 wani ƙaramin kamfani na Amurka, id Software, ya fitar da wasan Doom, ya ware hotuna da taswirorin wasan a jaka dabam da injinsa, don 'yan wasa su iya zuba nasu. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1999 waɗansu ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life kwaskwarima suka kira ta Counter-Strike. Shekara na zagayowa kamfanin Valve ya saye ta, ya ɗauke su aiki, har yau kuwa zuriyar wasan tana cikin waɗanda aka fi bugawa a duniya. A 2003 aka yi wa Warcraft III wata kwaskwarima mai suna DotA, daga gare ta Dota 2 ya fito a 2013, a gasarsa ta 2021 kuwa kyautar da aka raba ta haura dala miliyan 40. Amma wanda ya fi kama da halinmu shi ne na ƙasar Barazil. A can wani mai gidan gem ne a jihar Sao Paulo, wajen 2007, ya ɗauki wasan ƙwallon kamfanin Konami ya zuba masa ƙungiyoyin ƙasarsu, ya kira shi Bomba Patch, abin ya game ƙasar duka. Samarinmu kuwa suna nan suna rantsuwa da Barcelona da Chelsea a gidajen gem, ba wanda ya zauna ya tambayi inda Katsina United da Kano Pillars su ke.

Sai dai a nan akwai wani rami da ya kamata in nuna. Wasan kamfani, ko da ya yarda a yi masa kwaskwarima, nasa ne. Alfarma ce ya yi, ran da ya ga dama ya janye. Bomba Patch ɗin ma a kan gonar wani aka shuka shi ba da izini ba, ba kuwa ina kiran samarinmu ga cin haƙƙin kowa ba ne. Ga abin da ya faru da wasan tseren mota mai suna The Crew, na kamfanin Ubisoft na Faransa. An fitar da shi a 2014, mutane suka saya da kuɗinsu, amma ba ya tashi sai ya gaisa da injunan kamfani ta intanet. Ran 31 ga Maris 2024 kamfanin ya kashe injunan, wasan ya mutu a hannun kowa. Abin ya yi wa mutane zafi har aka tā da ƙara, a 2025 mutum fiye da miliyan 1 na Tarayyar Turai suka sa hannu suna neman a yi doka a kan irin wannan. Mu kuwa ba sai an ba mu labarin Turai ba. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga, Batsari da Safana suna ciki, aka yi watanni a haka. Duk abin da ya ke rataye da intanet, na wasa da na karatu da na ciniki, ya tsaya cik. Dara kuwa ba ta fasa ba ko da yini ɗaya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Sabo da haka ne na ke so masu karatu su san buɗaɗɗiyar manhaja. Kowace manhaja tana da rubutaccen umurni wanda maƙeranta suka tsara. Yawancin kamfanoni ɓoye shi su ke yi, kamar mai magani da zai ba ka gari a ƙulle ya ƙi gaya maka saiwar. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ce wannan bai dace ba, ya fara aikin gina manhajar da kowa zai ga cikinta. A 1989 ya fitar da takardar izini mai suna GPL. Sharaɗinta shi ne kowa ya yi amfani, ya bincika, ya gyara, ya ba wani, amma wanda ya gyara ya rarraba dole ya bayyana gyaransa ga jama'a. Kamar rijiyar gari ke nan, kowa ya ɗiba, wanda ya yashe ta kuwa ba shi da ikon kewaye ta ya sa kwaɗo. A 1991 wani ɗalibi na Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana da shekara 21, ya rubuta ƙashin bayan babbar manhajar da ke tafiyad da kwamfuta, ita ce Linux. Wanda ya ke riƙe da wayar Android a kasuwar Batsari, da ita ya ke aiki bai sani ba, gama a kanta aka gina Android.

A kan wannan hanya akwai wasanni na kyauta waɗanda ba sa bukatar intanet bayan an kwafe su. Akwai 0 A.D., wasan gina birni da yaƙi na zamanin da. Shi ma da niyyar kwaskwarima aka fara shi a 2001, aka buɗe rubutunsa a 2009, a 2018 kuma 'yan sa kai suka ƙara masa daular Kush ta ƙasar Sudan ta yanzu. In an sa Kush, me zai hana a sa Katsina? Akwai Luanti, wanda a da a ke kira Minetest kafin a canja masa suna a 2024, wasan gini ne da tubali, inda yara za su iya tā da hasumiyar Gobarau ko ganuwar birni, kwamfutoci biyar a ɗaki ɗaya su haɗu ta waya ba tare da ko kwabo na data ba. Akwai GCompris, wanda wani Bafaranshe ya fara a 2000, mai ɗauke da wasanni fiye da 100 na ƙirga da haruffa da sarrafa linzamin kwamfuta domin ƙananan yara. Akwai kuma Godot, injin ƙera wasa sabo fil, wanda mutum biyu 'yan Ajantina suka buɗe wa duniya a 2014. Da shi ɗalibi mai himma zai iya rubuta dara irin ta garinsu. Maƙwabtanmu ma sun riga mu, gama a 2016 samarin kamfanin Kiro'o na Yawunde a Kamaru suka fitar da wasansu mai suna Aurion, suka sayar wa duniya.

A da a kan ce Linux ta masu lissafi ce, ba ta wasa. Wannan magana ta tsufa. Kamfanin Valve ya kawo kantinsa na wasanni, Steam, kan Linux a 2013. A 2018 ya fitar da Proton, wani tafinta da ke sa wasannin da aka yi domin Windows su yi aiki a kan Linux, a 2022 kuma ya fitar da na'urar hannu mai suna Steam Deck wadda da Linux ta ke tafiya. Gaskiya kuwa sai a faɗe ta duka, har yanzu akwai waɗanda ba sa yi, irin su Fortnite da Valorant, sabo da 'yan gadin hana maguɗi da aka sa musu. Amma ga wani abin da ya fi shafarmu. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, tsofaffin kwamfutoci masu yawa kuwa ba su isa ɗaukar Windows 11 ba. Irinsu ne jibge a ofisoshi da makarantu, ƙura ta rufe. Akwai nau'o'in Linux marasa nauyi da za su tā da su. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Na san abin da dattawa za su ce, maganarsu kuwa tana da nauyi. Za su ce wasa yana cin lokaci da kuɗi. Haka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar wasan nan cikin jerin cututtuka, ƙasar Beljiyam kuwa tun 2018 ta yanke cewa waɗansu akwatunan sa'a da a ke sayarwa cikin wasanni caca ce. Amma ku lura, irin wasannin da ke tatsar yaro su ne na kulle, waɗanda aka gina don a riƙe shi ya yi ta biya. Za su ce kuma mutanen da suka sha wahalar ɓarayin daji, ga tsadar abinci, ga wutar lantarki ba ta zama, ina su ina wasa? Amsata ita ce, tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta zalla. Yaron Wagini ko na Babban Duhu da bai taɓa riƙe linzami ba, ɗaki ɗaya zai shiga da ɗan Kaduna wanda ya tashi da shi a hannu, agogo ɗaya za a sa musu. Ko ya fi shi karatu, hannunsa zai ci amanarsa. Yaron da ya buɗe cikin wasa ya gyara ya riga ya koyi buga rubutu, da bin ƙa'ida, da neman inda kuskure ya ɓuya. Akwai kuma darasi cikin abin da ya faru a 2007, sa'ad da aka raba wa 'yan firamaren Galadima ta Abuja ƙananan kwamfutoci masu aiki da Linux, shirin bai yi nisa ba a ƙasar nan. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, na'ura ita kaɗai ba ta koyarwa, sai da malami, da wuta, da mai gyara a kusa.

Ga abin da na ke roƙo. Na ɗaya, majalisun ƙananan hukumomin Batsari da Safana su sa a ƙirga matattun kwamfutocin ofisoshinsu, waɗanda za su tashi a sa musu Linux, a ajiye su ɗaki ɗaya a makarantar sakandare, da faifan hasken rana da batir, a ɗora wa malami ɗaya alhakinsu da sunansa a rubuce. Na biyu, ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, in sun zo hutu su ba da ko da mako biyu su koya wa ƙannensu. Na uku, masu gidajen gem su ajiye kwamfuta ɗaya ta koyon gyara kusa da ta ƙwallo, ba za su yi asara ba. Na huɗu, malaman Hausa da mu akawuna mu ɗauki fassara. Aikin ba shi da wuya, takarda ce mai layin Turanci a sama da gurbi a ƙasa, ka cika da Hausa mai kyau, da ƙ da ɗ da ɓ kowanne da lanƙwasarsa, ka aika wa masu kula da wasan. Na biyar, iyayenmu, Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, da dagatai da masana tarihi, su ba yaran nan labari daga tushe, don in sun tashi sa Ruma cikin taswira kada su maimaita kuskuren Maigadi. Iyaye kuma su yanka wa yaro lokaci, karatu da aikin gida tukuna, sa'an nan wasa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina so in ji ra'ayin masu karatu a wannan fili, musamman malaman makaranta da samarin da abin ya shafa, ko da saɓanin nawa ne. Wanda kuma ya san ƙa'idodin darar garinsu, ya rubuto su dalla-dalla ta hannun Edita, mu tara, mu ga inda ta Safana ta bambanta da ta Batsari, gama da wannan za a fara. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu, ya sa damina ta yi albarka. Wassalam.

Naku,
Akawu, Batsari.